Mu Sa Rana Aiki

1. Hayaƙin Birni

Duk wanda ya taɓa shiga birnin Sakkwato gab da magariba ya san abin da za mu faɗa. In ka fito daga ƙauye ka doso Ƙofar Kware ko Ƙofar Dundaye, tun ba ka kai Kanwuri ba sai ka hangi wani abu ya kwanta bisa gari kamar hazo. To, hayaƙi ne. Mata sun hura wutar tuwon dare, masu tsire sun kewaye tukuba, masu kanti sun ta da janareta don an ɗauke lantarki, babura da motoci kuma suna ta kai da kawowa. Ko wannensu akwai abin da ya ke ƙonawa, ko itace, ko gawayi, ko fetur.

Washegari da hantsi kuwa sai rana ta buɗe, ta yi ta dukan rufin kwano har a rasa wurin zama. A duk Nijeriya an san Sakkwato da zafin rana. Cikin watan Afrilu da na Mayu ma'aunin zafi ya kan haura digiri 40, kowa na neman inuwa.

Ku duba fa abin mamaki. Ga wuta tana zubo mana daga sama kyauta tun safe har yamma, muna gudunta. Ga mu kuma muna kwance bakin aljihu muna sayen wata wutar, wadda ke sa mu tari, tana cinye dajinmu. Darasinmu na yau a kan wannan ya ke: ɓarnar da hayaƙi ke yi, da yadda za mu rage shi, mu sa rana ta yi mana aiki.

2. Bargon Duniya

Allah cikin ikonsa ya kewaye duniya da iska, kamar yadda ɓawo ya kewaye albasa. Cikin iskan nan akwai wata iri wadda masana ke kira iskar kabon. Ba a ganinta, ba ta kuwa da wari. Ita mu ke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce kuma ke tashi duk sa'ad da aka ƙone itace, ko gawayi, ko mai. Itatuwa da ciyayi kuwa ita su ke zuƙa su yi girma.

Aikinta irin na bargo ne. Hasken rana ya kan sauko ya ɗumama ƙasa, ƙasa kuma ta mai da zafin sama. Sai iskar kabon ta tare wani abu daga cikin zafin nan, ta hana shi ficewa duka. Ba don ita ba, da duniya ta daskare, ba mai iya shuka ko ƙwayar gero. Ashe bargon nan rahama ne.

Amma mun sani bargo ɗaya ya isa mutum cikin ɗari. In aka ƙara masa na biyu da na uku, ga bazara ta shigo, sai ya rasa inda zai sa kansa. Abin da ya sami duniya ke nan. Fiye da shekara 200 da suka wuce Turawa suka fara ƙona kwal da yawa don tafiyar da injuna da jiragen ƙasa. Bayan haka aka samo fetur da gas. Masana'antu suka yawaita, motoci da jiragen sama suka yawaita, aka kuma sare dazuzzuka masu zuƙe iskar. Sai bargo ya yi ta kauri.

Ga yadda masana suka auna abin. Mu ɗauka iska ƙwayar hatsi ce, mun ƙirga ƙwaya miliyan ɗaya. A zamanin Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello, wajen ƙwaya 280 ne na kabon a ciki. Yanzu sun wuce 420. Saboda haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, har shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubuta awo. Wannan shi a ke kira sauyin yanayi.

Wani zai ce, digiri ɗaya kuma har wani abu ne? To, zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. In ya kai 38 mun ce zazzaɓi ya kama shi. In ya kai 39 sai kwanciya. Duniya ma haka ta ke.

3. Abin Da Muka Gani Da Idonmu

Gani ya kori ji. Tsofaffinmu ba su manta da farin 1973 ba, da na 1984, sa'ad da shuka ta ƙone, dabbobi suka mutu, mutane suka watsu neman abinci. Bayan waɗannan shekaru ruwa ya ɗan dawo, amma ya dawo da wani hali. Wata shekara ya makara. Wata shekara ya zo da wuri, a yi shuka, ya ɗauke kwana 20, tilas a sake iri. Wata shekara kuma ruwan wata guda ya zuba cikin dare ɗaya. Masana sun ce iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa, shi ya sa in zafi ya ƙaru, ƙasa ta kan bushe da sauri, in kuwa hadari ya sako sai ya sako da ƙarfi.

Cikin watan Satumba na 2010 Gulbin Rima ya cika ya batse. Ya cinye gonaki da gidaje a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware, ya yanke hanyar da ta haɗa birni da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har sai da kwalekwale a ke ƙetarawa. Shekara 8 bayan haka, watau cikin 2018, sai ga madatsar ruwa ta Goronyo ta janye, abin da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 10 ba, don damina ta gaza, laka kuma ta cike ta. Birnin Sakkwato kuwa da ruwan nan ya dogara. Gulbi ɗaya, jiya ambaliya, yau ƙishirwa.

Mutanen Illela da Gada da Tangaza kuma sun san yadda rairayi ke matsowa, yana binne shuka, a wuraren da dā a ke jin tsoron shiga don duhun itatuwa. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

4. Laifin Wa?

Gaskiya ɗaya ce, yawancin hayaƙin da ya kaurara bargon nan ba daga murhunmu ya fito ba. Ƙasashen Turai da Amurka da Sin su ne manya wajen fitar da shi. Afirka duka, da yawan mutanenta, abin da ta ke fitarwa daga ƙona mai da kwal bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Don haka ne cikin 2015 ƙasashen duniya suka taru a birnin Faris na Faransa, suka yi alkawarin kowa zai rage nasa, masu arziki kuma su taimaki marasa ƙarfi. Cikin 2021 Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alkawarin kafin 2060 hayaƙin da za ta fitar ba zai fi wanda za a iya zuƙewa ba.

To, tun da haka ne, me ya shafe mu? Sai mu zauna mu jira su gyara? A'a. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Hayaƙin da mu ke yi, kafin ya kai sama, ƙirjinmu ya ke fara shiga. Itacen da mu ke ƙonawa daga dajinmu ya fito. Kuɗin fetur daga aljihunmu ya ke fita. In mun rage hayaƙi, mu za mu fara cin riba, sa'an nan sauran duniya ta samu.

5. Murhu

Mu fara daga tsakar gida. Kullum safiya jakuna da amalanke da manyan motoci suna shiga birni da itace da buhunan gawayi. Dā kusa a ke samo su, yanzu sai an yi nisa, kuɗinsu kuma kullum hawa ya ke yi. A ƙauye kuwa mata da 'yan mata su kan ɓata rabin yini wajen neman kirare. In ba su samu ba sai a ƙone kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Murhunmu na duwatsu uku ɓarnarsa ta fi aikinsa yawa. In an raba zafin wutar kashi 10, da ƙyar kashi 1 ko 2 ke shiga tukunya. Sauran iska ke kwashewa. Ga uwargida a durƙushe tana fifita, idonta na hawaye, ga goyo a baya yana shaƙa tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki na kashe wajen mutum miliyan 3 ko wace shekara a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya. Da yawa cikinsu mata ne da ƙananan yara.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ga yadda a ke gina murhun laka mai tattalin itace:

A samo yumɓu mai danƙo, a kwaɓa da ƙaiƙayi da ɗan kashin jaki ko na shanu, kamar za a yi yaɓen rumbu. A rufe shi ya kwana biyu ko uku ya tsima.

A kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da a ke girki da ita kullum. Tsakanin gindin tukunya da ƙasa kada ya wuce tsawon tafin hannu.

A gina bango kewaye da duwatsun, ya taso har kafaɗar tukunya. A bar 'yar tazara kamar kaurin yatsa tsakanin bango da tukunya, don harshen wuta ya bi jikinta ya fita.

A yanka ƙofa ɗaya ta sa itace, ta fuskanci inda iska ke fitowa.

A bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda kafin a hura wuta. In ya tsage a shafe.

Murhun nan, in an gina shi daidai, ya kan rage itace da kashi 1 cikin 3, wani lokaci har kusan rabi. Ba ya kuma barin yaro ya faɗa wuta, ko tartsatsi ya kama darni. Maƙera na yin irinsa na ƙarfe, wanda maƙwabtanmu na Nijar suka sa wa suna Mai Sauƙi.

Akwai kuma dabarun da ba a saye. A girka da busasshen itace, don ɗanye hayaƙi ne kawai. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun dare. In an sauke tukunya a kashe wuta, a ajiye gawayin. A yi girki inda iska ke ratsawa. Wanda kuwa Allah ya hore wa, ya sayi tukunyar gas, gama gas bai kai itace hayaƙi ba, yana kuma hutar da daji.

6. Masana A Bakin Ƙofarmu

Kada wani ya ce aikin rana sabon abu ne da aka kawo mana daga waje jiya. Cikin 1982 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda aka mai da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo cikin 1988. Makamashi shi ne duk abin da ke ba da wuta ko ƙarfin yin aiki, kamar itace, da mai, da rana, da iska. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya taɓa riƙe cibiyar nan, daga baya kuma cikin 2005 ya zama shugaban Hukumar Makamashi ta Nijeriya.

Malaman cibiyar sun ƙera murhu mai tattalin itace. Sun ƙera akwatin dafa abinci da rana, mai murfin gilashi, wanda ke tara zafi ciki har shinkafa ta nuna ba a hura wuta ba. Sun yi akwatin shanya, inda tumatir da tattasai da nama ke bushewa ba ƙura ba ƙuda. Sun yi na ɗumama ruwan wanka. Sun kuma gwada ramin gas, watau a zuba kashin shanu da ruwa cikin rufaffen rami, ya ruɓe ya ba da gas na girki, abin da ya saura kuma a kai gona, taki ne mai kyau.

Cikin ayyukansu na baya sun kafa farantan rana masu ƙarfin kilowat 7.2 a ƙauyen Kwalkwalawa, nan bakin Gulbin Rima, don a ba ƙauyen lantarki. A Sayya Gidan Gada kuma aka kafa injin mai fukafukai, mai ƙarfin kilowat 5, wanda iska ke juyawa ya ba da wuta.

Maƙwabtanmu ma ba su zauna ba. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa cikin 1929, ya ƙare rayuwarsa wajen binciken aikin rana a birnin Yamai, har ya rasu cikin 1991. Sunansa aka sa wa jami'ar Yamai. Ashe 'ya'yan ƙasan nan sun daɗe da gane rana dukiya ce.

Abin da ya hana aikin yaɗuwa a lokacin nan tsada ce. Amma tsakanin 2010 da 2020 kuɗin faranti ya faɗi a duniya da wajen kashi 9 cikin 10. Abin da dā sai gwamnati ke iya saye, yanzu ga shi a kasuwa, mai shayi ma na ɗora shi bisa rumfa.

7. Yadda Faranti Ke Aiki

Farantin nan da mu ke kira sola, da wani sinadari a ke yinsa wanda a ke tacewa daga yashi. In hasken rana ya sauka kansa sai ya haifi lantarki, ya bi waya. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba abin da ke juyawa cikinsa balle ya cinye. Mai kyau ya kan kai shekara 20 ko fiye yana aiki.

Da ya ke da dare ba rana, sai a haɗa shi da batir. Batir rumbu ne. Da rana a zuba, da dare a ɗiba. Tsakanin faranti da batir akwai wani ɗan akwati mai tsaron ƙofa, wanda ke hana batir cika fiye da kima, ya kuma hana a kwashe shi ƙarƙaf. Kada a yarda a haɗa ba shi, gama batir ya fi komai saurin lalacewa.

Ga abin da za mu kiyaye:

Haske faranti ke so, zafi mai yawa rage masa ƙarfi ya ke yi. Don haka kada a manna shi jikin kwano, a bar tazarar da iska za ta ratsa ƙarƙashinsa.

A nan ƙasarmu a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi kaɗan, don ya sha rana sosai, ruwan sama kuma ya wanke shi.

Kada inuwar bango ko ta reshe ta faɗa kansa. Inuwa kaɗan na rage aiki da yawa.

Cikin hunturu ƙura na rufe shi. A goge shi da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi.

Da faranti ƙarami guda a kan sami fitila, da cajin waya, da rediyo. Mun san yadda fitilar ƙwai da aci-balbal ke baƙanta hanci, da yadda batirin tocilan ke cin kuɗi. Mu da ke koyon karatu da dare mun fi kowa sanin darajar haske. Da manyan faranti kuwa a kan ta da famfon rijiyar burtsatse, da fankar masallaci, da firijin ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye.

8. Daga Jigo Zuwa Rana

Kakanninmu da jigo su ke ban ruwa a fadama. Ba ya cin kuɗi, amma yana cin ƙarfi, mutum ya yini yana ja bai shayar da fili mai yawa ba. Sai injin fetur ya zo, noman rani ya bunƙasa, albasa da tumatir da shinkafa da alkama suka yawaita a fadamar Rima. Amma inji baƙo ne mai ci. Ko wace lita ɗaya ta fetur da ya ƙone, fiye da kilo 2 na iskar kabon ta ke saki sama, don man na haɗuwa da iskar da mu ke shaƙa sa'ad da ya ke ci.

Ran 29 ga Mayu 2023 gwamnati ta janye tallafin mai. Cikin shekara ɗaya da rabi kuɗin lita ya ninka fiye da sau 4. Manoma da yawa suka rage fili, waɗansu suka juya injinsu ya koma shan gas, waɗansu kuma suka koma famfon rana.

Famfon rana ya dace da fadama ƙwarai. Ruwa ba shi da nisa. Lokacin da shuka ta fi jin ƙishirwa, lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Ba a ko bukatar batir, gama da rana a ke ban ruwa. Wahalarsa ɗaya, kuɗin saye na farko ya fi na injin fetur nesa. Amma mai injin fetur kullum saye ya ke yi, mai famfon rana kuwa sau ɗaya ya saya. In mutum ɗaya ba ya iyawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabtan gona huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, ko su yi adashi, su raba kwanakin ban ruwa, su rubuta yarjejeniyarsu a takarda gaban mai unguwa. Ga amfanin iya rubutu ke nan.

9. Kashedi

Ko wane alheri yana da wurin da a ke taka tsantsan.

Na ɗaya, araha ba ta ado. Akwai jabun faranti da batir a kasuwa. Kada a saya sai an tafi da wanda ya san aikin, a karɓi rasit, a karanta shi, a kuma tambayi mai kaya wata nawa ya ɗauki alkawarin canzawa in ya lalace.

Na biyu, yawancin manyan batura akwai dalma cikinsu, dalma kuwa guba ce. Mun tuna yadda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara cikin 2010. Kada a fasa mataccen batir a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a yar da shi kusa da rijiya. A mai da shi ga masu sayarwa.

Na uku, don rana kyauta ce ba a ce ruwa ba ya ƙarewa ba. In shuka ta ƙoshi a kashe famfo, kada mu ƙafar da rijiyar maƙwabci.

Na huɗu, kada a ta da janareta cikin ɗaki ko zaure, kada kuma a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki cikin ɗari. Akwai wata muguwar iska da ke fita daga gare su, ba wari, mutum na barci ta ɗauke shi. Mai tukunyar gas kuma in ya ji wari, kada ya ƙyasta ashana, ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da taga.

10. Itace

Rage hayaƙi rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne mai da abin da ke zuƙe shi. Dogon yaron da ke ba titunan Sakkwato inuwa, wanda waɗansu ke kira darbejiya ko bedi, asalinsa daga Indiya ne. Cikin 1928 aka fara dasa shi a Barno, ya yaɗu har ya zo nan. Waɗanda suka dasa sun tafi, mu muna shan inuwa. Cikin 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, watau jerin itatuwa daga Senegal har Jibuti don tare hamada. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin ya shafa.

Amma ba sai mun jira an kawo mana dashe ba. Manoman Maraɗi sun nuna hanya tun wajen 1983. In suna sassabe ba su tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su aske sauran, su bar waɗannan su girma. Suna kiran wannan sassaben zamani. Ta haka aka mai da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin Maraɗi da Damagaram. Mun kuwa san halin gawo, da damina ya kaɗe ganyensa ya bar gero ya sha rana, da rani ya ba dabbobi abinci da inuwa, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi kyau. Malamanmu sun sha faɗa mana dasa itace sadaka ce mai gudana.

To, jama'a, mun ji. Ba mu muka fara ɓarnan nan ba, amma a ƙofarmu ta ke. Uwargida ta gina murhu, maigida ya bar toho a gona, masu fadama su haɗa kai, 'yan aji kuma mu tara kuɗin fitilar rana ɗaya don karatun dare. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da jahilci, amin.

Sababbin Kalmomi

makamashi, kabon, digiri, faranti, batir, kilowat, sauyin yanayi

Tambayoyi

1. Wane aiki iskar kabon ke yi wa duniya? Me ya sa ta zama abin tsoro yanzu?
2. Me ya faru a Gulbin Rima cikin 2010? Me kuma ya faru a Goronyo cikin 2018?
3. Faɗi amfani uku na murhun laka.
4. A wace shekara aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato? Faɗi abu biyu da ta ƙera.
5. Wace nahiya a ke fuskantar da faranti? Don me a ke goge shi cikin hunturu?
6. Yaya za mu yi da mataccen batir?

Lissafi

1. A ce wani manomi ya yi ban ruwa sau 30 cikin rani, ko wane ban ruwa injinsa ya sha lita 4. Lita nawa ya ƙona?
2. In ko wace lita naira 900 ce, nawa ya kashe?
3. In ko wace lita ta saki kilo 2 na iskar kabon, kilo nawa ya tashi sama?
4. Wata mata tana ƙona damin itace 6 a mako. Ta gina murhun laka, ya rage mata kashi 1 cikin 3. Dami nawa ta ke ƙonawa yanzu?

Aikin Rubutu

Kowa ya tambayi wani tsoho na garinsu sunayen itatuwa 5 da a ke samu dā, waɗanda yanzu suka yi wuya. A rubuto su a kawo wa malam ran aji mai zuwa.